Gurbin da Na Huda

Kwana huɗu ke nan ruwa bai ɗauke ba a Kwatano. Layinmu na Zango ya koma rafi, masu babur na haya, 'yan zemijan, sun daina shigowa, duk mai fita sai ya tattare tufa ya riƙe takalmi a hannu. Iyalin Kawu Sani sun taso daga unguwar Laji tun shekaranjiya don ruwa ya cinye musu ɗaki, yanzu gidanmu cike yake da mutane har zaure. Ni ina kan gadona, ƙafafu a naɗe, ruwa ya kai idon sawu a tsakar ɗaki. Da safe na hau kujera ina mayar da littattafaina saman kabad, sai hannuna ya taɓa wata 'yar kwalba a can lungu. Ruwan cikinta ya ragu zuwa rabi, baƙar laka ta kwanta a ƙasa. Shekara goma sha huɗu ke nan tana wurina.

Ina da shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta kwanta ciwo mai tsawo. Baba direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya, babu mai kula da ni. Sai ya cire ni daga lakwal, wato makarantar boko, ya tafi da ni arewa, wurin mahaifiyarsa, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Atakora. Sunanta aka sa mini, Hajara, shi ya sa a gida ake ce mini Ummi, ita kuwa Takwara take kirana.

Kakana falke ne, shi ya fara sauka a gefen ƙauyen, har gidajen Hausawa suka kai biyar. Lokacin da na je, huɗu sun zama kangaye, Kaka kaɗai ta rage a cikin mutanen dutse, waɗanda ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Baba ya daɗe yana so ya kawo ta Kwatano. Ranar da ya sauke ni ma ya sake tayar da zancen.

"Inna, ki bi ni haka nan. Wa kike da shi a nan?"

"Ina da ubanka a bayan gida, ina da maƙwabta," in ji ta. "Ran da na kasa samun ruwan alwala a garin nan, ka zo da motarka."

Ban san kowa ba, ba na jin yaren yaran ƙauyen, kuma dama ni ba mai magana ba ce. Rafin ne ya zama abokin hirata. Na zo da kaye guda, littafin rubutu na lakwal da ban cika ba, a ciki na riƙa zana shi kaɗan kaɗan, yadda Kaka ta faɗa mini da yadda na gani.

Daga can saman dutse yake fitowa, a wani tsagi ƙarƙashin itacen ɓaure. Sai ya gangaro ta kan matakan dutse guda uku, ya matse cikin kwazazzabo inda gora da tukurwa suka rufe sama, har rana tsaka wurin da duhu-duhu. Daga nan ya buɗe ya kwanta kan yashi a gefen ƙauye, ya wuce ya shige fili, inda aka ce yana haɗuwa da wani kogi da ban taɓa gani ba. Duk tsawonsa bai kai tafiyar wuni ba. Da na iso, gudunsa ya riga ya tsaya. Abin da ya rage gurabe uku ne a kan yashin. Na farko ya ƙafe kafin in yi wata guda, na biyu ya bi shi, aka bar babban, wanda ke ƙarƙashin wata tsohuwar kanya.

Wannan gurbi shi ne ran ƙauyen. Yana da mai kula da shi, wata doguwar tsohuwa mai shan lofe, da Kaka ke kira Uwar Gurbi. Tana jin Hausar kasuwa, amma ba ta cika amfani da ita ba. Dokokinta ba su da yawa. Ba a shiga da tulu, sai a tsaya kan duwatsun baki a kamfato da ƙoƙo daga sama. Ba a wanki a wurin. Daga rana tsaka zuwa la'asar mutum ba ya zuwa, lokacin namun daji ne. Kuma ba a taɓa gindin gurbi. Kaka ta faɗa mini wannan na ƙarshen sau ɗaya, tana tankaɗe, ba ta ce don me ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ina karya dokar rana tsaka a ɓoye. Idan Kaka ta kishingiɗa, sai in je in laɓe bayan kanya da kayena. Kurciyoyi ke fara sauka, sannan zabin daji a jere, suna sha suna ɗaga kai. Guza na fitowa daga ƙarƙashin saiwa ya ratsa ruwan da jelarsa. Ƙudan zuma sun yi baƙi a bakin laka. Akwai wani ɗan tsuntsu shuɗi mai jan baki da ke zama kan reshe ɗaya kullum, ya faɗa ruwa kamar an jefa tsakuwa, ya fito da ɗan kifi. Sau biyu na ga gada, kunnuwanta na rawa, ba ta yi kurɓi biyar ba ta koma. Duk ina rubuta su, da ranar da na gan su.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Dutsen nan yana shan rana wuni guda, ya yi ta huro ta kan ƙauye har bayan magariba. Tabarma zafi, bango zafi, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Ganyen kanya ya zube cikin gurbin, ruwan ya yi kore, ya fara wari. Na sami wani dutse a baki na riƙa yi masa alama da gawayi kowace safiya. Kullum ruwan na sauka da kaurin yatsa ɗaya. Na zauna na auna da ƙoƙarina na 'yar lakwal, na ga in haka ya ci gaba, ba zai kai faɗuwar ruwa ba. Mata sun fara rage ɗiba, tulu biyu kowane gida. Kaka tana alwala da abin da bai cika ludayi biyu ba, ta tara abin da ya zuba ta ba akuyarta.

To ni 'yar Kwatano ce. A tsakar gidanmu na Zango, in ka tona yashi kamu ɗaya za ka ji danshi, in ka ƙara, ruwa ya taso. Na ga an haƙa rijiya a layinmu cikin wuni ɗaya. Abin da na sani tun ina rarrafe shi ne ruwa a ƙasa yake, mai so ya ƙara zurfi. Na yi ta mamakin yadda ƙauye guda ke zaune yana kallon ruwansa na ƙarewa, babu wanda ya ɗauki fartanya. Na ce a raina ba su sani ba ne. Na kuma ce, idan gari ya waye suka ga gurbin ya cika, za su tambayi wa ya yi, daga nan wataƙila wani ya yi mini magana.

Ranar wata Talata da rana tsaka na ɗauki fartanyar Kaka na shiga. Ruwan ya kai mini gwiwa. Ƙasan sumul yake, da tauri kamar daɓen ɗaki, har na yi mamaki. Na yi ta sara, baƙar laka mai danƙo na fitowa guntu guntu, tarwaɗa na gogar ƙafata. Na daɗe kafin fartanyar ta yi ƙara a kan tsakuwa. Na zura hannu na ji sanyi, na ji kamar ruwa na motsi tsakanin yatsuna. Na koma gida da murna, na wanke fartanyar na mayar inda take.

Washegari ruwan ya sauka da tafin hannu guda daga alamata. Na ce kafin ya taso ne. Ranar Alhamis ya sauka da kamu. Ranar Juma'a da safe muka tarar da taɓo, tarwaɗa na birgima a ciki, zalɓe biyu na tsaye suna tsinta, ga ramina a tsakiya kamar bakin tulu.

Duk ƙauyen ya taru, babu mai ɗaga murya. Uwar Gurbi ta shiga taɓon ta durƙusa, ta zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ta fito da tsakuwa. Ta daɗe tana duba saran da ke gefe. Fartanyarsu mai faɗin baki ce, tamu siririya. Ta miƙe ta dubi Kaka.

"Hajara, wa ya yi?"

"Ni ce," in ji Kaka.

Tsohuwar ta cire lofe daga baki. "Ke da gwiwar nan taki? Ƙafar da na gani a laka ba ta taɓa yin kaushi ba."

"Jinina ne, sunana ne. Ki rubuta a kaina."

"Ni ba na rubutu," in ji Uwar Gurbi. "Mai rubutu tana bayanki."

A gida Kaka ba ta dake ni ba. Ta zaunar da ni ta ɗauko tsohuwar ƙwarya, ta zuba ruwa kaɗan, ta ɗaga.

"Me ya riƙe ruwan nan?"

"Ƙwarya."

"To gurbi ƙwarya ne, Takwara. Ƙarƙashinsa dutse ne mai tsagi, yana shanye duk abin da ya samu. Lakar da kika sare, ƙafafun mata ne suka daɓe ta, kowace shekara, tun kafin kakanki ya zo. Ku can ruwanku daga ƙasa yake tasowa. Namu daga sama yake zuwa, roƙonsa muke ya zauna."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Me ya sa ba ki tambaya ba, malama? Kin fi son tambayar takarda."

Daga ranar, ƙauyen gaba ɗaya ya koma hawan dutse. Marmaron da ke ƙarƙashin ɓaure bai ƙafe ba, amma ɗiga yake, kuma kafin a kai wurin sai an bi kwazazzabo an haye matakan nan uku. Mata na tashi da asuba, su dawo da hantsi da tulu ɗaya. Masu goyo da goyonsu, masu ciki da cikinsu. Shanun ƙauye aka kora su can fili, wasu ba su dawo ba. Babu wanda ya zage mu. Amma matar da ke kawo wa Kaka ganyen miya ta daina zuwa. Masu sayen daddawarta suka daina. In na doso, hira ta mutu, in na wuce, ta tashi. Kaka na gaishe su daga ƙofar gida, su amsa ba tare da sun juyo ba.

Ita ba ta iya hawa, don haka ruwan gidanmu ya dawo kaina. Bidon roba nake ɗauka, 'yar jarka mai cin abin da bai kai rabin tulu ba. Ba na bin ayarin mata, sai sun sauko nake hawa, ni kaɗai, rana na dukan ƙeya, duwatsu na ƙona tafin ƙafa. Rema na leƙo ni daga tsagi su koma. A cikin kwazazzabo ba ka jin komai sai ƙarar gora tana gogar juna. A marmaro in tara ƙoƙo in zauna ina jin ɗigon, ɗaya, ɗaya, har bidon ya cika. In na sauko, wuyana ya sage, a raba ruwan uku: na sha, na tuwo, na alwala. Wanka sai Juma'a, da tsumma.

Kaka dama tana azumin Litinin da Alhamis. Sai na ga ta ƙara Talata, ta ƙara Asabar.

"Kaka, yau ma?"

"Ramuwa nake. Na sha azumi da yawa ina yarinya."

"Shekara nawa ke nan?"

"Ke kika zama alƙali? Sha ruwanki."

Leɓɓanta sun tsage, muryarta ta dushe. Na gane abin da take yi, ita ma ta san na gane, ba mu sake zancen ba.

Baba ya biyo a tsakiyar wannan hali. Ya dubi randa, ya dubi mahaifiyarsa, ya ji labari a bakin hanya tun kafin ya shigo.

"Inna, ke kika faɗa da bakinki. Ga mota nan."

"Na ce ran da na rasa ruwan alwala. Ka ga na yi taimama?"

"Mutanen nan ko gaisuwata da ƙyar suka amsa."

"Suna da gaskiya. Ka bar ni zuwa faɗuwar ruwa. In har lokacin ba su dube ni ba, ka zo."

Ya shiga mota ya tafi, ko kallona bai yi ba. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Na san in aka ɗauke Kaka daga gidan nan, daga kabarin mijinta, aka kawo ta ɗaki ɗaya a Zango, ni na ɗauke ta.

Bayan kwana kaɗan na makara, ban kai marmaro ba sai da rana ta take tsaka. Ina hawowa matakin ƙarshe na tarar da gwaggon biri sun cika wurin, sun fi ashirin. Babbansu na zaune kan dutse, ya yi hamma ya nuna mini haƙora. Na ɗaga bidon zan jefa.

"Ajiye."

Uwar Gurbi ce, zaune a inuwar wani dutse da ɗaurin itace a gefenta. Ta nuna mini ƙasa kusa da ita.

"Zauna. Kada ki kalli idonsa. Layi ne, kamar na famfonku na birni. Su suka riga ki."

Muka zauna. Birai suka sha ɗaya bayan ɗaya, uwaye da 'ya'ya manne a ciki, babban ya sha a ƙarshe, suka haye dutse. Tsohuwar ta kama ƙafata ta juya ta duba tafin. Ya farfashe, har da jini a dunduniya.

"Yanzu ta fara zama ƙafa," in ji ta. "Tsohuwarki tana shan ruwa?"

Na girgiza kai. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar Juma'ar nan. Ta bar ni har na gama, tana cusa taba a lofe.

"Gobe da asuba ki bi bayana. Mai tafiya ita kaɗai a dutse, ko mayya ce ko wawiya. Ke ba ki da wayon mayya."

Washegari na shiga ayari, a can ƙarshe. Ba wadda ta yi mini magana, amma da muka sauko, wata ta tsaya a ƙofarmu ta juye ƙoƙo biyu daga tulunta cikin randar Kaka, ta wuce. Kashegari wata daban ce ta yi.

Ruwa ya faɗi bayan mako uku. Da la'asar hadari ya taso daga bayan dutse, iska ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigon farko. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har murfin tukunya. Can sai muka ji ruri daga kwazazzabo, rafin ya sauko ja wur, da itatuwa da kumfa. Kwaɗi suka ɓarke da kuka kamar dama suna bayan ƙofa. Bayan kwana biyu na ga gaiwa ta fito daga lakar gurbi na biyu, inda na sha takawa ina zaton busasshiyar ƙasa ce. Baba ya zo, ya tarar da mata biyu a tsakar gida suna cinikin daddawa, bai ambaci mota ba.

Amma ramin na nan a ƙarƙashin ruwa. Da damina ta ja baya, gudun rafi ya lafa, aka sa ranar daɓe. Kwana uku ina ɗebo jar ƙasar suri a ƙwarya, ana kwaɓa ta da laka. Ranar, mata suka shiga gurbin, ruwa iya ƙugu, suka sarƙe hannuwa suna waƙa suna takawa. Uwar Gurbi ta kira ni, ta sa aka tsayar da ni daidai kan ramin, ruwa har ƙirjina, mata biyu riƙe da hammatana.

"Ke kika buɗe, ke za ki rufe. Taka."

Na taka tun hantsi har azahar. Kaka na zaune a gindin kanya tana yi mini tsiya.

"Ƙara ƙarfi, 'yar bakin teku! Ko tuwon nawa ne bai kai ƙafa ba?"

Da muka fito na tambayi Uwar Gurbi ko ya toshe. Wannan karon na tambaya.

"Yanzu kowane gurbi cike yake," in ji ta. "Bazara ce ke faɗa."

Ban ga bazarar ba. Mahaifiyata ta samu sauƙi, Baba ya zo ya maido ni Kwatano, na koma lakwal. Wata shida ina kwana ina tashi da ramin nan a raina. A aji in dubi allo in ga taɓo da zalɓe. Babu wanda zan gaya wa, don a nan in ka ce ruwa ya ƙare, sai a nuna maka rijiya. Sai wata rana, ana tsakiyar zafi, Baba ya dawo daga arewa. Ya zauna ya cire takalmi, ya laluba aljihu ya miƙo mini 'yar kwalbar turare da aka wanke, cike da ruwa kore-kore.

"Inna ta ce in ba ki. Da hannunta ta ɗebo, jiya da safe. Ta ce in gaya wa takwararta, ya riƙe."

Kaka ta ƙara shekara shida a gidanta, a nan aka binne ta kusa da mijinta. Matan ƙauyen ne suka kawo ruwan wankanta, daga gurbin.

Yanzu ina karatun labarin ƙasa a jami'a, kuma a kan rafin nan nake son yin rubutun kammalawa. Na duba taswirar da malaminmu ya ba ni, na same shi da ƙyar, wani ɗan zare shuɗi mai tsinke-tsinke, babu suna, babu gurbi ko ɗaya. Tun ranar daɓe ban sake taka wurin ba. Ban san ko Uwar Gurbi na raye ba, ban san ko har yanzu ana daɓen ba.

Daga tsakar gida ina jin Kawu Sani yana faɗa da ruwa, ya tona hanya don ya fita, wani na tasowa daga ramin. Matarsa na kiran a kawo ruwan sha, don na famfo ya gurɓace. Na goge kwalbar da bakin mayafina, na ɗaga ta saitin taga. Lakar ta motsa kaɗan, ta koma ta kwanta.